An kama motar baffana a Legas ban yi laifi ba: in biya ko in je kotu?

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina zaune da iyalina a Agege. Akori-kurar ƙanin mahaifina nake ja, ina ɗauko kayan gwari daga kasuwar Mile 12 ina kai wa masu sari a Ikeja da Agege. Ranar Litinin da safe na iso wata mahaɗa, hanya ta cushe, danja ta ba da ja, amma jami'in da ke tsaye a tsakiya ya ɗaga mana hannu mu wuce. Motoci biyu da ke gabana suka wuce, na bi bayansu. Ban yi nisa ba wasu jami'an suka tare ni, ɗaya ya buɗe ƙofa ya shigo ya zauna, ya ce na karya danja. Na yi bayani, na nuna musu wanda ya ba mu hannu, babu wanda ya saurare ni. Ɗayansu har cewa ya yi “aboki” ina ya san danja. Suka kai motar yadinsu, suka rubuta mini takardar tara, ban da kuɗin kwanan da motar za ta yi a can. Tumatirin da ke ciki sai da na nemo wata mota aka juye, kwando uku sun lalace.

Yau kwana uku ke nan motar na tsare. A bakin ƙofar yadin akwai wani mutum da ya ce in kawo rabin kuɗin a hannu, zai fito da ita a yau, amma babu rasit. Baffa ya ce a ba shi a huta, zai riƙa cirewa daga kuɗina har da na tumatirin, wai baƙo ba ya shari'a a garin mutane. Abokina da muke lodi tare ya ce kada in wahalar da kaina, da kuɗin tarar ake biyansu, su da 'yan sanda kasafi ɗaya suke yi, kowa an yanka masa abin da zai kawo, kotun ma tasu ce. Matata na da tsohon ciki, kuɗin haya kuma ya kusa. Abin da ke cin raina shi ne ban yi laifi ba, kuma idan na biya kamar na amsa ne. In biya ko in je kotu? Kuma da gaske ne kuɗin tara aljihun 'yan sanda yake shiga?

Direba daga Agege

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da wannan ɗawainiya, Allah ya mayar maka da alheri. Na karanta wasiƙarka, kuma na ga kuɗin ba su ne suka fi yi maka ciwo ba. An ƙaryata ka a gaban mutane, an raina ka saboda inda ka fito, sannan ka koma gida wanda kake tsammanin zai tsaya maka ya ce kai za ka ɗauki asarar. Duk wanda aka yi wa haka dole ransa ya ɓaci, kuma kada wani ya sa ka ji kamar son a wanke ka taurin kai ne. Sai dai ɓacin rai ba zai fito da mota daga yadi ba, kuma kowace safiya da ta waye motar na can, kuɗin ajiya na hawa, kwastomominka na Ikeja suna neman wani direban. Saboda haka mu raba maganar biyu: fito da mota daban, wanke sunanka daban. Ana iya yin su tare, ana kuma iya yin ɗaya kafin ɗaya.

Na cire sunan hukumar daga wasiƙarka da gangan, domin ɓangare ɗaya kawai muka ji. Amma kai ka ɗauko takardar ka duba kanta da kyau, don a titin Legas masu kaki iri-iri ne kuma kowa da dokarsa da ofishinsa. Akwai LASTMA, masu riga ruwan ƙwai da wando jan garura, hukumar jihar Legas ce da aka kafa a 2000 zamanin gwamna Bola Tinubu, aikinta kamar na KAROTA ne a Kano, hedikwatarta na Oshodi. Akwai masu duba lafiyar mota da takardu da muke kira VIO, su ma na jiha ne, ofishinsu na Ojodu Berger. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta tarayya ce tun 1988. Sai 'yan sanda, su ma na tarayya. Hukumomin jihar suna aiki ne da dokar sufuri ta jihar Legas ta 2018, wadda ta maye gurbin ta 2012. Mutane da yawa suna ɓata kwana biyu suna kai ƙorafi ofishin da ba shi ya kama su ba, don haka sunan da ke kan takardar nan shi zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

A kan asalin maganar, idan yadda ka faɗa haka aka yi, gaskiya na gefenka. Ƙa'idar tuƙi ce sananniya cewa idan jami'i mai kaki yana tsaye yana ba da hannu, umarninsa ke gaba da na danja. Don haka ne ma ake tura su mahaɗa idan hanya ta cushe. Direban da ya ƙi bin hannun jami'i shi ne mai laifi. Amma ka yi wa waɗanda suka tare ka adalcin da su ba su yi maka ba: mai yiwuwa daga inda suke tsaye fitilar kawai suke hangowa, ba su ga hannun abokin aikinsu ba, kuma duk wanda suka kama a rana abin da yake cewa ke nan, “an ba ni hannu.” Wannan bai ba su damar ƙin tambayar abokin aikin nasu ba, bai kuma ba kowa damar yi maka gori da asalinka ba. Na faɗa maka ne don ka san abin da za ka tarar a ofis ko a kotu: ba za a gaskata ka don ka rantse ba, sai ka kawo abin da za a gani.

To yau ɗin nan, kafin ka manta, ka zauna ka rubuta komai a takarda: rana, lokaci, sunan mahaɗar, ɓangaren da ka fito da inda ka dosa, inda jami'in da ya ba da hannu yake tsaye, sunan da ke ƙirjin wanda ya shiga motarka idan ka gani. Ka ɗauki hoton takardar tarar gaba da baya ka tura wa wani amintacce ta WhatsApp, don takarda na ɓata. Idan da yaron mota tare da kai, shaidarka ne na farko. Ka koma mahaɗar a daidai lokacin da abin ya faru, ka ɗauki bidiyo daga gefen hanya. Idan kullum da safe jami'i ne ke ba da hannu a wurin ba tare da la'akari da fitila ba, bidiyon nan zai yi maka magana fiye da rantsuwa goma. Masu talla da masu shago na bakin mahaɗa suna ganin komai, kuma a irin waɗannan wurare ba a rasa mai shayi ko mai gyaran takalmi ɗan gida da zai iya cewa ya gani. Ka ajiye shaidar kuɗin da ka biya motar da ta juye tumatirin, da hoton kwandunan da suka lalace idan ka ɗauka.

Mutumin bakin ƙofa kuwa, ka rabu da shi. Ina faɗa maka wannan da ƙarfi. Rabin kuɗi a hannu yana kama da sauƙi, amma ka duba abin da kake saye. Idan an riga an shigar da takardarka a kwamfuta, bashin na nan a kan lambar motar ko da an buɗe maka ƙofa, kuma wata rana wajen sabunta takardu ko a wani shingen zai taso, a lokacin ba ka da rasit ɗin da za ka nuna. Zai iya karɓar kuɗin ya ɓace, kuma ba ka da wanda za ka kai wa ƙara, don kai ma ka shiga laifin ba da cin hanci. Ka san hadisin da ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Malamai sun yi sassauci ga wanda aka toshe wa kowace hanya ta karɓar haƙƙinsa, amma kai hanyarka ba a toshe take ba, akwai ofis, akwai banki, akwai kotu. Sannan kuɗin da ake ba irin wannan mutum shi ne ainihin abin da ke sa a ci gaba da tare mai akori-kura ana barin manyan motoci su wuce, domin an san zai biya a hannu ba zai yi magana ba.

Mataki na farko da nake ba ka shawara shi ne gobe ka je ofishin hukumar, ka wuce yadin da yaran da suka kama ka, ka nemi shugaban shiyyar ko sashen karɓar ƙorafi. Ka tafi da takardar ƙorafi a rubuce da Turanci, shafi ɗaya, babu zagi, babu labarin duniya: ga rana, ga wuri, ga abin da ya faru, ina roƙon a duba shaidar da aka dogara da ita a soke tarar a saki motar. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Ka nemi a nuna maka hoto ko bidiyon laifin. Hukumomin jihar yanzu suna amfani da na'urorin ɗaukar hoto wajen kama masu laifi, tun 2021 ma gwamnatin jihar ta sanar da shirin sanya wa jami'anta kyamara a jiki, don haka tambayar bidiyo ba rashin kunya ba ce. Idan akwai bidiyon, ko dai ya nuna hannun jami'in ya wanke ka, ko ya nuna maka abin da kai ba ka lura da shi ba. Idan babu, maganarsu da taka sun zama ɗaya. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka sami wani daga shugabannin direbobi ko na kasuwa a Mile 12, mutumin da ya saba shiga ofisoshi, mai jin Turanci ko Yarbanci, mai sanyin baki. Shiga mai kyau, gaisuwa, da haƙurin zaman jira suna buɗe ƙofofi da yawa a Ikko. Takardun motar ma su kasance cikakku, lasinka, inshora, takardar lafiyar mota, domin idan kana da kyau ka ƙara da wanka. Da takarda ɗaya ta mutu, maganar za ta bar danja ta koma kanta.

Ka yanka wa wannan mataki wa'adi, kwana biyu na aiki. Idan bai yi ba, saura hanya biyu.

Ta farko kotu. Jihar Legas na da kotun tafi-da-gidanka ta laifuffuka na musamman da aka ƙaddamar a 2016 zamanin gwamna Akinwunmi Ambode, majistare ne ke zama, kuma mazauninta da aka fi sani na Bolade a Oshodi. Abokinka ya ce kotun tasu ce. Majistare ma'aikacin ɓangaren shari'a ne, ba ya ƙarƙashin hukumar da ta kama ka. Kuma tsarin mulkin 1999, sashe na 36, ya ba ka abubuwan da ba sa la'akari da ko kai baƙo ne ko ɗan gari: ana ɗaukarka marar laifi har sai an tabbatar, dole a gaya maka tuhumar da harshen da kake ji, kana da damar kawo shaidu da yi wa nasu tambayoyi, kuma idan ba ka jin harshen da ake shari'a da shi sosai, dole a ba ka tafinta kyauta. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau. 'Yan'uwanmu da yawa suna tsayawa gaban majistare a karanto tuhuma da Turanci su gyaɗa kai, a rubuta sun amsa laifi, alhali ba su fahimci tambayar ba. Idan aka tambaye ka ko ka aikata, amsarka ita ce ba ka aikata ba, kuma ka ce kana son tafinta na Hausa. Idan ba ka da kuɗin lauya, jihar na da ofishin lauyoyin kare talaka da ake kira OPD, wanda ke aiki kyauta tun 2000, akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya. Ka je wurinsu kafin ranar zama, kada ka bari sai an kira sunanka.

Ba zan ɓoye maka nauyin wannan hanya ba. Wanda ya ce bai aikata ba, akan ɗage shari'arsa zuwa wata rana, akan nemi mai tsaya masa, kuma motar na iya ci gaba da zama sai lauya ya roƙi kotu ta sake ta. Idan kotu ta same ka da laifi, hukuncin nata ne, ba dole ya tsaya a adadin da ke kan takardarka ba. Za ka ji ana cewa ai kotu ta hana su cin tara. Akwai ƙamshin gaskiya: a 2022 babbar kotun jihar Legas ta yanke hukunci a ƙarar da wani lauya ya shigar, ta ce LASTMA ba ta da ikon ɗora tara ko jan mota ba tare da umarnin kotu ba, har ta ba shi diyyar naira 750,000, amma gwamnatin jihar ta ɗaukaka ƙara. A 2024 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke irin wannan hukunci a kan VIO na Abuja, gwamnatin Legas kuma ta ce bai shafe ta ba tunda tana da dokarta. Waɗannan hukunce-hukunce makami ne a hannun lauya a cikin kotu. A bakin titi ko a yadi, faɗarsu ba za ta buɗe maka ƙofa ba.

Hanya ta biyu ita ce biya ta gwamnati: banki ko intanet, da lambar da ke kan takardar, rasit ɗauke da sunan gwamnati, ba asusun wani mutum ba, ba na'urar POS ta wani a gindin bishiya ba. Ka sani cewa a al'adar waɗannan hukumomi biyan tara na nufin ka zaɓi kada a kai ka kotu, don haka ƙalubalantar ta daga baya ta fi wuya. Idan ka zaɓi wannan, ka miƙa takardar ƙorafinka kafin ka biya, ka rubuta a ciki cewa za ka biya ne don a saki motar da kuke ci da ita, ba don ka amsa laifi ba. Da wannan takarda da rasit, ƙorafinka a kan halin jami'an na nan da ransa, kuma lauya na da abin kamawa idan ka so ci gaba. Ni a ganina, da tsohon ciki a gida da haya a gaba da mota ta wani, idan ofis bai warware ba cikin kwana biyun, wannan hanyar ta fi dacewa da kai, sai fa idan ka sami bidiyo ko shaidu masu ƙarfi kuma lauyan OPD ya ce zai iya fito da motar da wuri. Biya da rasit bayan ka rubuta ƙin amincewarka ba amsa laifi ba ne a wurin Allah, ba kuma ragwanci ba ne.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda na ga ita ce ke kashe maka gwiwa. Abokinka ya haɗa abubuwa uku ya dama su wuri ɗaya. Rundunar 'yan sandan Najeriya ta tarayya ce, sashe na 214 na tsarin mulki ya kafa ta, albashinsu da kuɗin aikinsu daga kasafin kuɗin tarayya suke fitowa. A 2019 an ƙara kafa asusun tallafa wa 'yan sanda da doka, aka ware masa kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya da wani ɗan kaso daga ribar kamfanoni. A Legas akwai kuma asusun tsaro na jiha da gwamna Babatunde Fashola ya kafa a 2007, wanda gwamnati da bankuna da kamfanoni ke zuba wa gudummawa, da shi ake saya wa 'yan sanda motocin sintiri da kayan aiki, musamman rundunar kai ɗaukin gaggawa da ake kira RRS. Tarar da aka biya da rasit ba ta bi ta ɗaya daga cikin waɗannan kai tsaye. Ta hukumar jiha tana shiga baitulmalin jiha, domin sashe na 120 na tsarin mulki ya ce kuɗin shigar jiha asusu ɗaya suke taruwa, kuma ba a fitar da su sai majalisar dokoki ta amince a kasafi. Ta FRSC tana shiga asusun bai-ɗaya na tarayya, TSA, wanda aka tilasta amfani da shi daga 2015. Ɗan sanda kuwa ba shi da hurumin yanke maka tara ya karɓa a titi; aikinsa ya kai ka kotu. Duk abin da aka miƙa ta taga a shinge, sunansa cin hanci, kuma rundunar na da sashen karɓar ƙorafi, CRU, tun 2015 saboda irin wannan.

Amma ba zan ce abokinka ƙarya zalla yake yi ba. Tara kuɗin shiga ce, kuma duk gwamnatin da ke ƙirga ta a lissafinta tana iya jarabtuwa da son ta yawaita. An ga ƙarshen wannan a wani ƙaramin gari mai suna Ferguson a jihar Missouri ta Amurka. A can 'yan sanda da kotun gari duk na ƙaramar hukumar ne, kuma binciken ma'aikatar shari'ar Amurka na 2015 ya gano cewa shugabannin garin suna matsa wa 'yan sanda su yawaita rubuta tara don cike kasafi, har garin ya sa ran samun sama da dala miliyan 3 daga tara cikin kasafin kusan dala miliyan 13, kuma baƙaƙen fata talakawa ne suka fi shan wahalar. Bayan haka jihar ta yi dokar rage kason da gari zai iya samu daga tarar hanya. Legas ba haka tsarinta yake ba. Kuɗin shigar da jihar ta tara da kanta a 2023 ya haura naira biliyan 800 a ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kuma mafi yawansa haraji ne, musamman wanda ake cirewa daga albashin ma'aikata. Jihar da ke da wannan ba da tarar danja take biyan albashi ba. Inda matsalar take a wurinmu shi ne kuɗin da ba ya isa baitulmali sam, wanda ke tsayawa tsakanin titi da bakin ƙofar yadi. Hukumomin da kansu sun sha sanar da korar jami'ai saboda karɓar na goro, ka ga ke nan abin na faruwa, ka ga kuma ƙorafi na iya yin tasiri. Saboda haka maganar abokinka, idan ka bi ta a hankali, hujja ce a kan mutumin bakin ƙofa, ba hujja ba ce ta barin neman haƙƙinka.

Sai baffa. Kada ka ɗauke shi abokin gaba. Motar jarinsa ce, wataƙila ita ce abin da ya tara a shekarun da ya yi a Kurmi, kuma ya san dokar Legas na da kaifi, ya ga motocin da kotu ta ƙwace aka yi gwanjonsu saboda bin hannun da ba nasu ba. Tsoronsa na da dalili, ko da laifin da ake zarginka da shi bai kai wancan ba. Kuma tunda motar tasa ce, ba ka da ikon barin ta a yadi makonni don ka wanke kanka ba tare da yardarsa ba. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha, ba a gaban yaran kasuwa ba. Ka fara da ba shi haƙuri a kan tsayuwar motar, sannan ka ce, “Baffa, ina roƙon kwana biyu kacal. Idan ban fito da ita ba, mu biya a banki mu karɓi rasit da sunan motarka, don kada bashin ya biyo ka.” Ka nuna masa cewa rasit ɗin kariyarsa ce shi kafin kai, tunda lambar motar da sunansa aka yi rajista. Dattijo irin baffa zai fi jin wannan fiye da maganar tsarin mulki.

Maganar cire kuɗi daga haƙƙinka kuwa, ina ganin bai yi maka daidai ba, kuma a fiƙihu ma'aikacin da aka ɗauka aka ba shi amanar kaya ba ya biyan asara sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Wanda ya bi umarnin jami'in hanya bai yi ko ɗaya ba. Amma kada ka faɗa masa wannan da bakinka a ranar da ransa ke ɓace. Ka bari mota ta fito, sannan ka nemi wani da yake jin nauyinsa, limaminku ko wani dattijon kasuwa, ya yi maganar. Idan aka tsaya a raba asarar biyu, kuma a riƙa cire naka kason kaɗan-kaɗan bayan matarka ta sauka, ka karɓa. Zumuncin da aikin sun fi wannan bambanci. Ku kuma yi amfani da zaman ku yanke magana ɗaya don gaba: tarar da ta zo daga takardun mota ko lalacewarta ta mai mota ce, wadda ta zo daga gangancin direba ta direba ce, wadda aka yi zalunci a raba. Wannan yarjejeniya za ta yi muku amfani, domin yanzu kyamarori ne ke rubuta tara a wurare da yawa. A farkon 2025 gwamnatin jihar ta sanar da kyamarorin gudu a Alapere da titin Mobolaji Bank Anthony, da na danja a mahaɗar Allen, tarar karya danja naira 20,000, ta wuce ƙa'idar gudu naira 50,000, kuma saƙon tarar yana zuwa ne wayar wanda aka yi rajistar motar da lambarsa, wato baffa. Ka riƙa duba lambar motar a shafin intanet na PayVIS, inda ake ganin tarar da ke kan mota, lokaci-lokaci don kada bashi ya taru ba ku sani ba.

Matarka kuma ka gaya mata gaskiyar lamarin da shirin da ka yi, da ranar da kake sa ran motar za ta fito. Mai tsohon ciki ta fi shiga damuwa da shirun miji fiye da labarin da aka gaya mata a fili. Kuɗin haihuwa da ka ajiye kada ka taɓa su saboda wannan magana, ko don tara ko don lauya.

Idan mota ta fito, ka sayi ƙaramar kyamarar gaban mota, ko aƙalla marikin waya da za ka kafa a gilashi ka riƙa kunna bidiyo idan ka shiga mahaɗar da ake ba da hannu. Ka kuma kai maganar gorin da aka yi maka ga shugabannin direbobinku, a tattara irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe da ranaku da lambobin takardu a rubuta wa hukumar wasiƙa ɗaya da sunan ƙungiya, a ba Sarkin Hausawan yankinku kwafi. Gobe dai ka fara da mahaɗar da sassafe don bidiyon, daga can ka wuce ofis da takardarka kwafi biyu. Allah ya fito da kai, ya sauki iyalinka lafiya.